Tantuna huɗu a ƙofar filin River Plate: nazarin layin da masoya suka tsara wa kansu

Daga watan Yuni zuwa Nuwamba na 2023, wasu matasa da yawansu ya kai kusan 240, akasarinsu mata, sun riƙe layi a gefen titi a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, domin su riga kowa shiga wasan mawaƙiyar Amurka Taylor Swift. Sun yi wa kansu doka, sun buɗe rajista, sun naɗa masu kula da ita. Wannan nazari ya bi lamarinsu tun daga ranar da aka kafa tanti har ranar da aka buɗe ƙofa, ba tare da ambaton sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

## Asalin matsalar

A wasannin mawaƙa da ake yi a filayen ƙwallo, tikiti iri biyu ne. Akwai na kujera, mai ɗauke da lambar sashe da ta wurin zama. Mai shi ko ana saura minti biyar a fara ya iso, wurinsa na nan yana jiransa. Akwai kuma na tsayuwa a tsakar fili, inda babu lamba ko ɗaya. Duk waɗanda suka sayi na tsayuwa a sashe ɗaya kuɗi ɗaya suka biya, amma wata za ta ƙare da ƙirjinta a jikin shingen ƙarfen da ke gaban dandamali, wata kuma ta kwashe daren tana leƙe ta tsakanin kawunan mutane da wayoyinsu. Abin da ya raba su shi ne wa ya riga wa shiga.

Tikitin kuwa bai faɗi wanda zai riga shiga ba. Masu shirya wasa kan sanar da lokacin buɗe ƙofa, su bar sauran ga bakin titi.

A Amurka, inda Taylor Swift ta fara wannan rangadin wasanni nata a watan Maris na 2023, matsalar ba ta taso ba, domin tsakar filin ma kujeru aka jera masu lamba. A Ajantina al'adar dabam ce. Tsakar fili wurin tsayuwa ne, an raba shi gida biyu, na gaba da na baya, kowanne da farashinsa. Zaman tanti a ƙofar fili ma ba baƙon abu ba ne a can. Kafin wasannin mawaƙin Birtaniya Harry Styles a filin River Plate ɗin nan a ranakun 3 da 4 ga Disamba 2022, masoyansa sun yi irin wannan zama na watanni.

Abu biyu suka ƙara wa wannan karon zafi. Mawaƙiyar ba ta taɓa yin wasa a Ajantina ba. Sannan a duk yankin Latin Amurka birane huɗu kacal ta tsaya: birnin Meziko, Buenos Aires, Rio de Janeiro da São Paulo. Masoyanta na Chile da Uruguay da Paraguay da Peru, in dai suna son ganinta kusa, sai sun niƙo gari sun zo.

## Yuni 2023: an kafa tanti

Ranar 2 ga Yuni aka sanar da zuwanta, da farko wasa biyu, 9 da 10 ga Nuwamba. Da aka fara sayar da tikiti cikin 'yan kwanaki, sai aka ƙara dare na uku, 11 ga wata. A cikin watan nan na Yuni tantuna suka bayyana a gefen filin Monumental, gidan ƙungiyar ƙwallo ta River Plate, wanda ke ɗaukar 'yan kallo sama da 84,000 a ranar ƙwallo.

Yuni farkon hunturu ne a wannan ɓangaren na duniya. A watan Yuli, sanyin asuba a Buenos Aires kan sauko ƙasa da digiri 10, ga danshi daga kogin da ke kusa da filin. Saura wata biyar kuma a yi wasan.

Hanyar da kowa ya sani ita ce ka zo ka tsaya, wanda ya zo bayanka ya tsaya a bayanka. Wannan tana aiki idan jiran na awa shida ne, ko na dare ɗaya. Ba ta aiki a wata biyar. Masu zaman ɗalibai ne da ma'aikata, suna da lacca, suna da jarrabawa, suna da wurin aikin da za su sa hannu da safe. Idan doka ita ce wanda ya tashi ya rasa wurinsa, babu wanda zai kai mako biyu. Idan kuma aka ce tanti shi ke riƙe wuri ko babu kowa a ciki, to gobe wani zai kafa nasa ya tafi gida sai Nuwamba, kuma babu hujjar hana shi.

Mafitar da suka samu ita ce karɓa-karɓa. Tanti ɗaya ya zama na mutane da yawa, ana shiga ana fita, amma ba a barin shi babu kowa, dare da rana. Wannan ya magance matsalar riƙe wuri, sai dai ya haifi wata sabuwa a cikin tantin kansa. Idan mutum 60 ke da tanti ɗaya, a ranar wasa wace ce ta ɗaya, wace ce ta 60?

## Yuli zuwa Oktoba: rajistar awoyi

Amsarsu ita ce a ƙirga awoyi. Bisa abin da mujallar kiɗa ta Amurka mai suna Pitchfork ta wallafa a farkon Nuwamba bayan ta zanta da masu zaman, tantuna huɗu ne, kowanne da mutum kusan 60. Mutum biyu suka ƙirƙiro jadawali a kwamfuta, aka naɗa wasu su riƙa shigar da lokacin da kowa ta zauna. Mai yawan awoyi ita ce a sama. Ba a karɓar wanda bai kai shekara 18 ba. Zuwa ƙarshen zaman, sharaɗin ci gaba da zama a cikin jerin ya tsaya a kan awa 60 a wata mafi ƙaranci, da kwana a tantin aƙalla sau ɗaya a wata.

Yana da kyau a tsaya a kan wannan adadi. Awa 60 a wata kusan awa 15 ke nan a mako, wato kamar kwana biyu na aikin ofis. A wata biyar ya kama awa 300, kwana 12 da rabi cur, kuma akwai wadda ta shaida wa mujallar cewa ta riga ta haura hakan. Wasan da ake jira kuwa awa uku ne da 'yan mintuna.

Duk wanda ya yi layin banki a Kano ko Kaduna a watan Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya san yadda irin wannan abu ke farawa. Wani ya fito da takarda da biro tun kafin asuba, ya rubuta sunansa a lamba ta ɗaya, kowa ya zo sai ya nemi mai takarda. Banki bai naɗa shi ba, amma kafin gari ya waye takardarsa ta zama doka, domin ta fi turereniya sauƙi.

A cikin tantunan, rajistar ta yi ayyuka da dama. Ta bar mutum ya je makaranta ko aiki ba tare da ya rasa matsayinsa ba. Ta sauya gardamar «ni na riga ki zuwa» da lissafin da kowa zai iya dubawa. Sharaɗin kwana sau ɗaya a wata ya raba nauyin dare, wanda shi ne mafi wuya da haɗari ga 'yan mata a gefen titi, ta yadda bai faɗa kan mutum uku ko huɗu kaɗai ba. Iyakar shekara 18 ta hana yara kwana a waje da sunan ƙauna.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Filin na ƙwallo ne, kuma kakar wasa na gudana. Ranar 15 ga Yuli River Plate ta lashe gasar ƙasar a wannan filin, dubban magoya baya suka cika titunan da tantunan suke. Masu zaman sun ce masu wucewa kan yi musu ihu cikin dare cewa su je su nemi aikin yi. A ƙasar da hauhawar farashi ta shekara ta kai kashi 142.7 cikin ɗari a watan Oktoba, kuma ana tsakiyar zaɓen shugaban ƙasa, ba kowa ke kallon tanti a ƙofar filin wasa da idon rahama ba. Yawancin waɗanda ake yi wa ihun kuwa daga aiki ko daga aji suke zuwa.

## Inda tsarin ya fara tsagewa

Tsaga ta farko daga ciki ta fito. Da zarar awa ta zama abin da ake tarawa, sai ta zama abin sayarwa. An samu masu zama a madadin wasu a biya su, ana rubuta awoyin da sunan mai kuɗin. Rajistar tana ƙirga lokacin da aka zauna, ba ta da hanyar bambance wadda ta sha sanyi da jikinta da wadda ta sa aka sha mata.

Ta biyu ta shafi nisa. A cikin Ajantina kanta, daga Córdoba zuwa Buenos Aires kusan kilomita 700 ne. Daga Mendoza ya haura 1,000, daga Salta ya doshi 1,500. Yarinyar da ke ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa, ta sayi tikiti iri ɗaya a rana ɗaya da kuɗi ɗaya, ba ta da yadda za ta yi awa 60 a wata a gefen filin River. Wadda za ta taso daga Santiago ta Chile ko Asunción ta Paraguay ba a ma maganarta. Ko ta iso ana saura kwana uku ta kwana a titi, za ta tarar da mutane a gabanta waɗanda a wannan daren suna barci a gidajensu, kuma takarda ta ce sun riga ta.

Ko a cikin birnin akwai waɗanda sharuɗɗan suka bari a waje: ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, mai goyo, mai aiki biyu don ta riƙe gida, mai larurar da ba za ta iya kwana a ƙasa cikin sanyi ba. Akwai 'yan shekara 15 da 16, waɗanda suke da yawa a cikin masoyan wannan mawaƙiya. Dokar da ta kare su daga kwanan titi ita ce ta cire su daga jerin.

Ta uku ita ce tambayar da ake yi wa kowane layi irin wannan a ko'ina: wa ya ba ku? Tikitin yarjejeniya ce tsakanin mai saye da kamfanin da ya shirya wasa. Jadawalin yarjejeniya ce tsakanin mutum 240. Sauran dubban masu tikitin tsayuwa ba a tambaye su ba, ba su zaɓi masu kula da rajista ba, ba su da inda za su kai ƙara idan suna ganin an yi son kai.

Masu zaman suna da tasu amsar, kuma ba ta da rauni. Za su iya cewa ba su hana kowa shiga jerin ba, wanda ya cika sharaɗi ya shigo. Ba su ƙwace wa kowa tikiti ba. Lokacinsu suka kashe, jikinsu ya sha wuya. Idan babu jerin, abin da zai maye gurbinsa ba adalci ba ne, ƙarfi ne da gudu da turereniya, kuma a irin wannan 'yan mata ƙanana ne ke shan ƙasa.

## 9 zuwa 12 ga Nuwamba: ranakun wasa

An yi wasan farko ranar Alhamis, 9 ga wata. Ranar Juma'a 10 ga wata aka tashi da ruwan sama mai ƙarfi, aka ɗage wasan daren zuwa Lahadi 12 ga wata. Na Asabar ya gudana yadda aka tsara.

Ɗagewar ta nuna bambancin da ke tsakanin masu tikiti iri ɗaya. Ga mazauniyar birnin, kwana biyu aka ƙara a kan wata biyar. Ga wadda ta zo daga nesa da tikitin komawa na ranar Asabar, kuɗin masauki ne sabo, da sauya tikitin jirgi ko na mota, da neman uzuri a wurin aiki, ko kuma ta koma ba ta ga komai ba.

Ranakun sun kuma nuna iyakar ikon rajistar. Abin da za ta iya ba mutum shi ne gaban layi a bakin titi. Daga nan akwai binciken jaka, akwai na'urar duba tikiti, akwai tafiya daga ƙofa zuwa tsakar fili, kuma duk wannan a hannun masu gadi da ma'aikatan fili yake, waɗanda ba su aiki da jadawalin kowa. Tsaikon minti ɗaya a wurin bincike ya isa ya sa mutum goma su wuce mai lamba ta uku.

Akwai kuma lissafin da ya sassauta lamarin. Mutum 240 ɗin sun kasu a dare uku, kowa da ranar tikitinta. Dandamalin wannan rangadi yana da doguwar hanya da ta ratso tsakiyar fili, don haka shingen da ke kewaye da shi dogo ne ƙwarai, yana ɗaukar ɗaruruwan mutane. Masu tanti ba su isa su cinye shi duka ba. Abin da wata biyar ta saya shi ne damar zaɓen wuri mafi kyau a jikin shingen.

## 17 zuwa 20 ga Nuwamba: Rio

Mako guda bayan haka rangadin ya isa filin Nilton Santos a Rio de Janeiro ta Brazil, cikin tsananin zafi. Ranar 17 ga wata ma'aunin yadda jiki ke jin zafi ya kai digiri 59.3 a wani yanki na birnin. Mutane sun yi awoyi a layi cikin rana, kuma sun koka cewa an hana su shiga da gorar ruwa. Wata ɗaliba 'yar shekara 23 ta suma a farkon wasan, ta rasu a asibiti. Binciken likitoci da ya fito a Disamba ya ce zafi ne ya yi ajalinta. An ɗage wasan 18 ga wata zuwa 20, kuma ma'aikatar shari'a ta Brazil ta ba da umarnin a bar mutane su shiga da ruwansu, a kuma raba ruwa kyauta a irin waɗannan taruka.

Ba jerin masoya ne ya jawo wannan rashi ba, kuma ba daidai ba ne a jingina musu shi. Yana cikin wannan nazari ne saboda dalili ɗaya: ya nuna cewa duk tsarin da ke saka wa mutum da wuri mai kyau gwargwadon daɗewarsa a waje, da lafiyar jiki ake biyansa.

## 2024 da hanyoyin da wasu suka bi

Da rangadin ya koma Turai a 2024, inda tsakar fili a mafi yawan birane na tsayuwa ne, manyan filaye sun ɗauki matakin hana kwana. Filin Wembley na Landan, wanda ya karɓi wasa takwas a Yuni da Agusta, bai yarda da kafa tanti ba. Hani yana rage tsawon jira, amma bai amsa tambayar wa zai riga wa ba. Yana matsar da ita ne zuwa asubahin ranar wasa.

Masoyan ƙungiyar mawaƙa ta U2 sun daɗe da nasu salon: a rubuta wa mutum lamba a bayan hannu, a riƙa kiran suna safe da yamma, wanda bai amsa ba a soke shi. Ya fi zaman tanti sauƙi, amma ƙorafin iri ɗaya ne, domin wanda ya buɗe jerin da abokansa su ne a sama, kuma sau da yawa ana buɗe shi kwanaki kafin mai tikiti na gari ya ji labari.

A wasannin mawaƙi Bruce Springsteen a Amurka an yi shekaru ana amfani da ƙuri'a. Ranar wasa da rana ake raba madaurin hannu masu lamba a jere, sannan a zaro lamba ɗaya a gaban jama'a. Mai ita shi ne na farko, na bayansa su biyo, a zagayo har kan waɗanda lambarsu ta gabace ta. Zuwa da wuri ba ya ƙara wa kowa komai, don haka babu mai kwana. A Japan da Koriya ta Kudu kuwa, tikitin tsayuwa kan zo da lambar shiga a jikinsa, ma'aikata su jera mutane bisa lambar ana saura kaɗan a buɗe ƙofa. Raunin wannan shi ne tseren kan koma ranar sayar da tikiti, inda mai saurin intanet ko mai rajistar ƙungiyar masoya ke da rinjaye.

## Hukunci

A tsakanin mutum 240 ɗin nan, tsarin ya yi adalci gwargwadon yadda ɗan Adam zai iya. An rubuta doka, an yi lissafi a fili, an raba wahala, an kare yara, kuma 'yan mata da ba su san juna ba sun tafiyar da wannan na wata biyar a gefen titi. Ina ganin girmansu a kan haka, kuma ina ganin waɗanda suka yi musu ihu cikin dare ba su kyauta ba. Dalilin da ya sa ya yi aiki a fili yake: duk wadda dokar ta hau kanta ta amince da ita kafin ta shiga, kuma tana iya duba lissafin.

Wannan dalilin shi ne babu shi ga na waje. Rajistar ta ɗauka tana auna ƙauna, alhali abin da take aunawa shi ne rarar lokaci, da kusancin gida, da ƙoshin lafiya, daga baya har da kuɗin hayar mai zama. Yarinyar Salta ba ta gaza su son mawaƙiyar ba. An haife ta ne a nesa, kuma an ɗora mata dokar da ba a nemi ra'ayinta a kai ba. Ban yarda cewa wannan adalci ne ba, ko da yake ya fi turereniya.

Nauyin bai kamata ya hau kan masu tanti ba. Kamfanin da ya sayar da dubban tikiti iri ɗaya, alhali ya san wuraren tsayuwar ba iri ɗaya ba ne, shi ya bar giɓin da suka cike da kwanakinsu. Shi kaɗai ke da ikon da zai hau kan kowane mai tikiti, shi ke da ƙofa da masu gadi. A cikin hanyoyin da aka gwada, ƙuri'a ta fi kusa da daidai, domin ita ce ba ta tambayar inda mutum yake zaune, ko aikin da yake yi, ko abin da jikinsa zai iya ɗauka. Tana da nata cizon: wadda ta shirya ba da awa 300 za ta iya tashi da lamba ta ƙarshe, kuma wannan ɓacin rai na gaske ne. Da a ce ranar 2 ga Yuni, tare da sanarwar ranakun wasa, an faɗi cewa kowane tikitin tsayuwa zai zo da lambar shiga da za a fitar ta hanyar ƙuri'a ana saura mako guda, da babu wadda za ta kwana a titi cikin hunturun Buenos Aires, kuma da mai zuwa daga Salta ta san matsayinta kafin ta hau mota.